Da Wane Mudu A Ke Auna Masu Kawo Kaya?

Jama'a, duk mai sayen kaya da yawa, ko kamfani ne ko Gwamnati, ba ya saye hannun kowa da kowa. Yakan kasa masu kawo masa kaya aji-aji, ya ce wannan na fari ne, wannan na biyu, wancan kuwa kada ya ko taka ƙofa. Mu ba mu ƙi wannan ba. Ko a Kasuwar Kurmi kowane mai rumfa ya san wanda zai ba kuɗi tun kaya ba su iso ba, ya san wanda sai ya kwance ɗauri ya duba tukuna. Abin da mu ke tambaya ɗaya ne: da wane mudu a ke awon?

Waiwaye adon tafiya. Jirgin ƙasa ya iso Kano cikin 1911, cikin 1912 kuwa cinikin gyaɗa ya buɗe. Nan da nan aka kafa tsani. A bisa akwai kamfanonin Turawa, irin su John Holt, da CFAO, da Niger Company wanda ya narke cikin UAC a 1929. Ƙarƙashinsu Kwara da manyan attajirai, irin su Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu 1955. Sa'an nan yaransu masu tsaron sikeli, sa'an nan 'yan baranda masu saye mudu-mudu, sa'an nan can ƙasa manomi. Kuɗi su gangaro, gyaɗa ta hau, kowane mataki ya yagi rabonsa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi!

Da yaƙin duniya na biyu ya zo, Gwamnatin Ingila ta riƙe cinikin, ta raba wa kamfanoni izinin saye bisa ga yawan abin da kowa ya saba saye kafin yaƙi. Watau wanda ya ci da yawa jiya shi aka ba babban akushi yau. To, wanda bai taɓa samun shiga ba fa, yaushe zai tara tarihin da za a duba?

Cikin 1949 aka kafa Hukumar Cinikin Gyaɗa, cikin 1954 Hukumar Ciniki ta Jihar Arewa ta gaje ta. Ba mai sayar mata da gyaɗa sai wakili mai lasin. Lasin kuwa sai mai jari, mai sito, mai akawun da zai riƙe lissafi yadda Hukuma ta ke so. Daga baya an sassauta, 'yan ƙasa da dama suka samu, amma sau da yawa ta ƙofar sanayya da siyasa. Dalar gyaɗa ta tashi a Ƙofar Mazugal kowa yana kallo, waɗanda suka tara ta mudu-mudu kuwa ba sunansu a littafin kowa.

Amma ga wani abu da ya kamata a tuna. Cikin shekarun 1950 aka sa ƙarin kuɗi bisa gyaɗar da aka ɓare ba ta farfashe ba. Ba a tambayi manomi ɗan wane ne ba, ba a tambayi jarinsa ba, gyaɗarsa kaɗai aka duba. Me ya faru? Mutane suka bar sussuka a turmi, suka nemi injin ɓara na hannu, gyaɗar Arewa ta gyaru. Ashe in aka auna kaya talaka yakan ci jarrabawa. In aka auna aljihu da takarda ne a ke kayar da shi tun bai shiga ɗaki ba.

An rushe hukumomin ciniki cikin 1986, amma tsanin bai rushe ba, sai sauya gida. Bisa ga dokar 2007, hukumar da a ke kira BPP ita ke rajistar 'yan kwangilar Gwamnatin Tarayya, tana kasa su aji-aji. A kan nemi rajistar kamfani, da shaidar biyan haraji na shekara 3, da takardar fansho, da shaidar irin aikin da mutum ya taɓa yi. Haraji wajibi ne, ba mu ce a yafe wa kowa ba. Amma ku duba abin da ke biyo baya. Mai takarda ya karɓi kwangilar kujerun makaranta, ko rigunan 'yan makaranta, ko hatsin asibiti, ya sauko cikin birni ya ba kafinta da tela da ɗan kasuwa a kan kuɗi kaɗan, ya riƙe sauran. In aiki ya yi kyau, sunansa ya ƙara hawa. In ya ɓaci, a ce masu sana'ar gida ba su iya ba. Wannan ba ɗan baranda ba ne aka sake wa riga?

Saboda haka ga abin da mu ke nema.

Na ɗaya, a buɗe ƙaramin aji domin ƙananan kwangiloli, mai sauƙin takardu, wanda mai rumfa ɗaya zai iya shiga.

Na biyu, a yarda ƙungiyar masu sana'a, ko dukawa, ko marina, ko teloli, ta yi rajista da suna ɗaya, gama abin da ya gagari mutum guda ba ya gagarar mutum 50.

Na uku, a kafa sharuɗɗan kowane aji a bango da Hausa, da boko da ajami, wanda aka hana kuma a gaya masa dalili a rubuce.

Na huɗu, tsani ya zama na hawa da sauka. Wanda ya cika alkawari sau da sau a ɗaga shi, wanda ya ci amana a sauke shi ko ɗan wane ne.

Ku kuma 'yan'uwa 'yan kasuwa, ku riƙa ajiye rasit, ku rubuta abin da kuka kai da ranar da kuka kai. Ranar da aka ce ina shaidarku, kada a same ku hannu sake. Sai an gwada a kan san na ƙwarai, mu dai a bar mu mu shiga gwajin. Allah ya sa shugabanni su ji, amin.