PES ya mutu a Tokiyo, yana raye a Mabera

Kamfanin Konami na Japan ya binne sunan PES tun 2021, amma labarin rasuwar bai iso shagunan gem na Sakkwato ba. A Mabera ko Runjin Sambo, da zarar an kawo wuta ko an tada janareta, samari na nan suna fafatawa a kansa, wasu ma a kan PlayStation 2, na'urar da Sony ta daina ƙerawa fiye da shekara goma da suka wuce. Masu sana'ar ɗora wasanni ne ke sabunta sunayen 'yan ƙwallo da rigunansu, har ka ga ɗan wasan da yake firamare lokacin da aka fitar da faifan yana cin ƙwallo a ciki.

Me ya sa Konami ya juya wa wasan baya? Ba don ya rasa masoya ba. Shekara da shekaru FIFA na kamfanin EA yana danne shi a kasuwa, kuma a 2018 ya rasa lasisin Gasar Zakarun Turai, EA ya ɗauke. Abin da ya fi ciwo shi ne inda kuɗi suka koma. A shekarar kuɗi ta 2021, EA ya samu dala biliyan 1.6 daga sashen Ultimate Team na wasanninsa, inda ake sayen katunan 'yan wasa ta intanet. Mai sayar da faifai sau ɗaya a shekara ba zai ja da mai tatsar aljihu kullum ba.

Sai Konami ya sauya masa suna zuwa eFootball, ya mai da shi kyauta, cinikin ya koma ciki. Fitowarsa a Satumban 2021 abin kunya ce: fuskokin Messi da Ronaldo suka zama abin dariya, kamfanin ya fito ya nemi afuwa. Duk da haka bai yar da shi ba. Ya yi ta gyara, domin wayar hannu ta buɗe masa kasuwar ɗaruruwan miliyoyin mutane.

A ganina, nan ne amsar take. Kamfani ba ya duba ko wasa ya faɗi jiya. Yana duba ko sunan zai iya kawo kuɗi gobe. Concord na Sony ba shi da tsohon suna da zai cece shi, mako biyu kacal ya yi a kasuwa a 2024 aka janye shi. Silent Hill kuwa, wanda Konami ya jingine kusan shekara goma, an tono shi a shekarar domin tsofaffin masoyansa sun girma, sun yi albashi.

Yaron Mabera da ke biyan kuɗin wasa ɗaya ba ya cikin wannan lissafi, ko sisinsa ba ya isa Tokiyo. Abin da ya cece shi kawai shi ne tsohon PES ba ya neman izinin kowa kafin ya tashi. Sababbin wasanni ba haka suke ba, ransu na hannun kwamfutocin kamfani. Da Ubisoft ya kashe na The Crew a ƙarshen Maris 2024, har wanda ya sayi faifansa da kuɗinsa ya wayi gari ba ya iya buga shi. Ranar da Konami ya gaji da eFootball, babu mai ɗora wasa a Sakkwato da zai iya tashe shi.