Kowa Ya Koma Ga Gangar Gidansu, Mu Ina Muka Dosa?

  Kwana biyu kun ji ni shiru, na leƙa gida ne na yi Sallah, kuma abin da na tsinta a hanya shi nake so in ɗan gutsura muku yau.

Duk wanda ya taɓa hawa doguwar mota daga Agege zuwa Kano ya san tafiya ce ta yini da kwana. Don haka kafin in tashi sai na miƙa wa babban ɗana wayata, na ce ya zuba mini waƙoƙin da ake yayi in rage hanya. Yaron nan a Agege aka haife shi, Yarabanci a bakinsa kamar ruwa, Hausa kuwa sai ya tsaya lalube. Ya cika mini waya da kundayen mawaƙan Kudu. Na ce to ina na Hausa? Budar bakinsa sai ya ce, "Baba, ai duk iri ɗaya ne, in ka ji ɗaya ka ji saura." Maganar ta sosa mini rai. A tasha na biya wajen masu tura waƙa, aka ƙara mini kundi uku na mawaƙanmu na zamani, da ɗaya na wani Buzu ɗan Nijar da wani abokina ya daɗe yana yi mini tallarsa. Na san akwai masu cewa kiɗa bai kai a ɓata tawada a kansa ba. Wannan fagen malamai ne. Ni dai magana nake a kan abin da ke shiga kunnen 'ya'yanmu, ko mun so ko mun ƙi.

Na fara da Lungu Boy na Asake, wanda ya fito a watan Agustan 2024, don sunan ne ya ja ni. Lungu dai kalmarmu ce, ga ta ta shige bakin yaran Legas har ta zama sunan kundi. Waƙoƙi 15 ne a ciki, ya kuma gayyato baƙi daga waje irin su Travis Scott da Stormzy da Central Cee. A gaskiya wuraren da baƙin nan suka shigo su ne suka fi rashin armashi, sai ka ji shi kamar mutumin da ya ari kwat don tarbar surukai, tana ta matse shi. Kundinsa na farko na 2022 ya fi wannan kama jiki. Amma da na kai waƙar ƙarshe, "Fuji Vibe", inda ya sakar wa makaɗa fili gangunan Yarabawa suka ɓarke, sai na gyara zama. Mai karatu, ka san fuji daga kiɗan tashin mutane sahur a watan azumi ya samo tushe, kafin marigayi Sikiru Ayinde Barrister, wanda ya rasu a 2010, ya fito da shi fagen biki. Wato abin da ya fi daɗi a kundin yaron da ke cika manyan dakalai a Ingila shi ne kiɗan unguwar iyayensa.

Daga nan na shiga Morayo na Wizkid, na watan Nuwamban 2024, wanda ya sa wa sunan mahaifiyarsa da ta rasu a 2023. Shi ma da muryar K1 De Ultimate, sarkin fuji, ya buɗe shi, kuma wannan buɗewar ta sa tsigar jikina ta tashi, don duk wanda ya rasa uwa zai ji nauyin wurin ko bai jin yaren. Sai dai kash, bayan nan ya koma ruwansa na soyayya da shagali, kiɗa mai laushi, taki ɗaya, har gyangyaɗi ya ɗauke ni kafin Lakwaja. Aiki ne mai tsafta, ba na musu, amma na so a ce uwar ta sami kaso fiye da haka.

Wanda ya wartsake ni shi ne Buzun, Mdou Moctar, da kundinsa Funeral for Justice na watan Mayun 2024. Da farko na ɗauka hayaniya ce kawai, don jitarsa ihu take yi kamar ta Turawa masu gashi buzu-buzu. Da na nutsu sai na ji takun kiɗan Azbinawa ne a ƙasa, irin wanda duk wanda ya zauna da su ya sani. Ba na jin Buzanci, amma abokina ya warware mini cewa a "Oh France" Faransa yake caccaka kan abin da ta yi wa ƙasarsa, a "Imouhar" kuwa 'yan'uwansa yake roƙo kada su bari harshensu ya mutu a bakin 'ya'yansu. Nan fa na tuna da yarona. Mutumin nan yana zagaya Amurka da Turai da waƙoƙinsa, bai ce sai ya koma Turanci kafin a saurare shi ba.

To, sai namu. Ba zan kama suna ba, don ba mutum ɗaya ne ke da laifin ba. In dai maganar sarrafa harshe ce, wallahi mawaƙanmu ba kanwar lasa ba ne. Akwai baitocin da na mayar baya sau uku don azancin da ke ciki, ga karin magana, ga amsa-amo zaune daram. Amma kiɗan fa? Fiyano ɗaya, ganga ɗaya ta cikin kwamfuta, murya an wanke ta da na'ura har ba ka bambanta wane da wane, namiji ya yi mace ta amsa kamar a fim ɗin Indiya. Kundi uku, na rasa inda wannan ya ƙare wancan ya fara. Ban ji kalangu na gaske ba, irin na bayan Shata. Ban ji kuntigin Ɗan Maraya Jos ba, ko gurmin Haruna Uji, ko kotson Ɗanƙwairo, ko ƙwaryar Barmani Choge. Gaskiya ɗaci gare ta: yaron bai yi ƙarya ba.

Na san uzurinsu, kuma ba na raina shi. Mai fiyano ɗaya a sitidiyo ya fi araha a kan tara makaɗa biyar. Waƙa na fitowa yau, gobe tana wayar kowa, mai ita bai ga sisi ba, dole ya dogara da biki da 'yan siyasa. Mu kanmu mun daɗe muna kallon makaɗin gargajiya a matsayin maroƙi, wa zai so ɗansa ya gaje shi? Kuma ba wai waƙarmu ba ta iya tafiya ba ne, kowa ya ga yadda "Jaruma" ta Hamisu Breaker ta karaɗe ko'ina a 2020. Amma wanda ya bar gida, gida ya bar shi. Maƙwabtanmu sun ɗauki na'urar zamani sun ɗora a kan gangar kakanninsu, mu kuwa mun ɗauki na'urar mun jingine gangar a bayan ɗaki.

Mu da ke zaune a Kurmi wannan ya fi shafa. Yaron da ke Kano ko Katsina ko bai ji waƙa ba zai ji Hausa a titi. Namu na Agege da Idi-Araba da Sabon Ibadan da Shagamu, bayan gida da makarantar allo, waya ce babbar malamarsu. In abin da ke cikinta da Hausa bai riƙe kunnensu ba, za su koma inda ake riƙewa, harshen kuma ya bi.

Da na dawo na zaunar da yaron na kunna masa Shata. Ya yi shiru yana kaɗa ƙafa, can sai ya ce, "Baba, ashe mu ma muna da ganga mai magana irin ta Yarabawa?" Na rasa dariya zan yi ko kuka. Shekararsa 17 bai san kalangu ba, kuma wannan ba laifin mawaƙa kaɗai ba ne, har da ni ubansa.

Roƙona ga mawaƙanmu, ko waƙa biyu ce a kundi, a kira makaɗa na gaske a ba su fili. Mu kuma in za mu aurar da 'ya'ya a nan, cikin kuɗin da muke ba mai sa faifai a ware na masu kalangu, suna nan a unguwanninmu suna neman na abinci. Wanda ya ji wani sabon kundi na Hausa da ya ƙaryata ni, don Allah ya sanar da ni, zan saurara in dawo in ba da haƙuri a nan.

Allah Ya shirya mana zuriya, Ya mayar da mu gida lafiya. Wassalam.