Filin Ƙofar Mata Ba Na Ƙwallo Kaɗai Ba Ne

'Yan'uwana ɗalibai, duk wanda ya taso daga Sule Tankarkar ya bi ta Gumel ya shiga Kano, da wuya ya dawo bai ji labarin filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata ba. Ni ma kawuna ya taɓa kai ni, kuma ranar ihun 'yan kallo har cikin ƙirjina na ji shi.

Filin nan ya ga manyan baƙi. A 1999 an buga wasannin gasar matasa ta duniya a cikinsa. A 2000, lokacin da Nijeriya da Gana suka haɗu suka karɓi gasar cin kofin Afirka, garuruwa biyu kacal aka zaɓa a ƙasar nan, wato Legas da Kano, har Masar da Sanagal suka taka leda a Ƙofar Mata. A 2009 kuma aka kawo gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17. Amma baƙo raɓa ne. Waɗanda suka raya filin su ne Kano Pillars, Masu Gida, da suka ci kofin ƙasa a 2008, sannan sau uku a jere daga 2012 zuwa 2014.

To, ga inda nake da magana. An ce filin na wasanni iri-iri ne, amma in ka tambayi yaro me ake yi a can, ƙwallo kaɗai zai ce maka. Ina tsere? Ina kokawa da dambe da langa, waɗanda iyayenmu suka sani tun kafin Bature ya kawo tamaula? A ƙauyukanmu bayan kaka, in an kai gero rumbu, akwai samarin da in suka shiga fage sai makaɗi ya gaji su ba su gaji ba. A ajinmu akwai mai gudun da ba takalmi yake bar mu a baya, amma bai taɓa taka filin tsere na gaske ba.

Wani zai ce ai mu 'yan Jigawa ne, ina ruwanmu da filin Kano? Sai 1991 aka raba mu, kuma har gobe can muke zuwa kallo. Ni a ganina, ko sau ɗaya a shekara a keɓe mako guda, makarantun jihohin biyu su hallara a Ƙofar Mata, a yi tsere da safe, kokawa da la'asar, a bar mu mu shiga ta ƙofar 'yan wasa.