Ba Yawan Rufin Kwano Ne Girman Gari Ba

Sanin kowa ne a ofisoshinmu ana auna gari da yawan mutanensa, ko da ƙarfin muryar wakilinsa. Mu kuwa a ganinmu wannan mudu ya gaza, kuma ƙasar Anka da Bukkuyum ta riga ta biya kuɗin gazawarsa.

A shekarar 2010 gubar dalma ta hallaka yara fiye da 400 a ƙauyukan da ake niƙa dutsen zinariya. An kankare ƙasar Dareta, Yargalma, Abare, Sunke da wasu uku kafin ƙarshen 2011. Bagega kuwa, wadda ta fi su girma, wadda kuma can ake tara dutse daga ramuka dabam-dabam ana niƙawa, sai a 2013 Gwamnatin Tarayya ta saki kuɗin aikinta. Wurin da ya kamata a fara, shi aka bari a ƙarshe.

Alhali kuwa masana lissafi suna da ma'auni na irin wannan al'amari. A 1953 wani Ba'amurke, Lloyd Shapley, ya yi bayanin yadda za a raba ribar haɗin gwiwa: a duba abin da kowa ke ƙarawa in ya shigo, ta kowane jeri da za a iya shigowa, sa'an nan a ɗauki matsakaici. Ga misali. Mahaƙa biyu ne da mai inji ɗaya, kuma ribar Naira 600 ba ta samuwa sai inji ya haɗu da ko da mahaƙi ɗaya. Rabon mai inji 400 ne, kowane mahaƙi 100, domin mahaƙi yana da madadi, inji ba shi da shi. A 1977 Roger Myerson ya ɗora wannan lissafi a kan hanyoyin da suka haɗa mutane, daga baya wasu suka shigar da alkibla ciki, tun da dutse daga rami yake zuwa inji, ba ya komawa.

Wani zai ce lissafi ba ya kankare ƙasa. Gaskiya ne, amma yana hana mai rabo fakewa da son rai. Sai dai ba ya yiwuwa sai an san me ke fita daga ina, ina kuma ya nufa, walau dutse, walau hatsin da ke bi ta Daki Takwas zuwa Gummi. Wannan ƙidaya aikin ma'aikatan Ƙananan Hukumomin nan uku ne, ɗaliban lissafi na Jami'ar Tarayya ta Gusau kuma su auna.