Inshorar Tsofaffi A Amurka: Gwamnati Ta Biya 80, Wa Zai Biya 20?

Da yawa daga cikin matasa sun ɗauka cewa duk dattijon da ya tsufa a Amurka ya huta da kuɗin asibiti, gwamnati ce ke ɗauke masa komai. Wannan zato kuskure ne, kuma kuskure mai tsada ga 'yan uwan da ke da iyaye ko baffanni a can, musamman a unguwar Bronx ta birnin New York, inda Hausawa da mutanen zangon Gana suka daɗe suna zaune.

Gaskiya ne akwai shirin gwamnati mai suna Medicare, wanda Shugaba Lyndon Johnson ya sa wa hannu a shekarar 1965 domin waɗanda suka kai shekara 65. Sashe na A yana biyan kwanciyar asibiti, sashe na B kuma ganin likita da gwaje-gwaje. To amma a shekarar 2025, duk wanda aka kwantar sai da ya fara biyan dala 1,676 daga aljihunsa kafin gwamnati ta sa hannu. A sashe na B kuwa, a shekarar 2025 ɗin, an riƙa karɓar dala 185 duk wata, mara lafiya ya biya dala 257 na farko a shekara, sannan gwamnati ta ɗauki kashi 80 cikin 100, ta bar masa 20. Babbar matsalar ita ce wannan kashi 20 ba shi da iyaka. Mai ciwon daji ko ciwon ƙoda zai yi ta biya muddin ana yi masa magani, ko da abin da ya tara tsawon rayuwarsa zai ƙare.

Wannan giɓi shi ne kasuwar kamfanoni, inda suke sayar da ƙarin inshora da ake kira Medigap. A can baya dillalai sun yi ta damfarar tsofaffi, suna sayar wa mutum ɗaya takardu biyu ko uku masu biyan abu guda, har sai da majalisar ƙasar ta yi doka a 1990 ta daidaita tsarin. Yanzu iri goma ne, kowanne da harafinsa daga A zuwa N, kuma ban da jihohi uku masu nasu tsari, abin da ke cikin harafi ɗaya bai sauyawa daga kamfani zuwa kamfani. G na wannan kamfani shi ne G na wancan, farashi kawai ya bambanta. Saboda haka dillalin da ya ce nasa G ya fi na kowa biya, zaƙin baki ne kawai.

Abu na farko da ya wajaba ɗan uwa ya sanar da dattijonsa shi ne lokaci. Daga watan da mutum ya cika 65 kuma ya shiga sashe na B, yana da wata shida da babu kamfanin da zai ƙi shi ko ya ƙara masa kuɗi saboda ciwon da yake ɗauke da shi. In wata shidan nan suka wuce, a mafi yawan jihohi kamfani na da ikon ya binciki lafiyarsa, ya tsauwala masa, ko ma ya rufe masa ƙofa. Mai hawan jini ko ciwon suga da ya ce bari sai jiki ya motsa, ya yi sake ke nan, kuma an san mai sake ɗan zaki kan girma a gabansa.

Na biyu shi ne zaɓin harafi. Tun daga 1 ga Janairun 2020 aka daina sayar da C da F ga sababbin shiga. Don haka G ya zama mafi faɗi, domin yana toshe kusan dukkan giɓin ban da kuɗin farko na sashe na B. N ya fi sauƙin kuɗin wata, amma akan biya har dala 20 a ganin likita, da har dala 50 a ɗakin gaggawa. A kuma tambayi yadda kamfani ke lissafin farashi, domin akwai masu ƙara kuɗi duk shekarar da mutum ya ƙara tsufa: arha a yau, nauyi a shekara 80.

Na uku ya shafi mai zuwa gida ganin dangi, ko mai niyyar Hajji ko Umara. Medicare galibi ba ya biyan magani a wajen Amurka. G da N suna biyan kashi 80 na jinyar gaggawa a waje, bayan dala 250 na farko, a cikin kwana 60 na farkon tafiya, kuma jimillarsa ba ta wuce dala 50,000 a tsawon rai. Wanda zai yi wata huɗu a Kano ko Kumasi ya san da wannan tun kafin ya hau jirgi.

Akwai wata hanya daban, Medicare Advantage, wadda sau da yawa kuɗin watanta kaɗan ne, kuma tana da iyakar abin da mutum zai kashe a shekara. Sai dai tana ɗaure shi ga likitocin da kamfani ya zaɓa, wani aikin ma sai an nemi izininsa, kuma ba a haɗa ta da Medigap. Kada kuma a manta, Medigap ba ya biyan haƙori, tabarau, na'urar ji, ko kulawa ta dogon lokaci a gidan tsofaffi. Magunguna ma sai an shiga sashe na D.

Dattijon da idonsa ya yi rauni, Turancinsa na neman abinci ne, ba zai iya da waɗannan takardu shi kaɗai ba. Haƙƙi ne a kan 'ya'yansa su zauna da shi, su lissafa ciwonsa da magungunansa da tafiye-tafiyensa, su nemi ofishin SHIP na jiharsu, wanda ke ba da shawara kyauta kuma ba ya sayar da komai. Wanda ke gida kuma ya buga waya ya tambayi ranar da tsohon zai cika 65, ya tunatar da waɗanda ke kusa da shi. Kyautata wa iyaye ya haɗa da irin wannan ɗawainiya. Allah Ya ba marasa lafiya lafiya, Ya sa a gama da iyaye lafiya.