A Bar Wa Mai Keke Hanyarsa

Masu iya magana sun ce hanyar lafiya a bi ta da shekara. Duk wanda ya tsaya da sassafe ranar kasuwa a bakin kwaltar nan da ta taso daga Sakkwato, ta ratsa Bodinga da Shagari, ta nufi Tambuwal da Jega, zai gane abin da su ke nufi. Ga tirela ta taso kamar iska, ga tankar mai tana biye da ita, ga kuma wani bawan Allah can gefe ya ɗaure buhun albasa bayan keke yana tangaɗi. In manyan motoci biyu suka haɗu daidai inda ya ke, ba shi da dabara sai ya faɗa rami da kayansa. Wani ya kan tsira da kurjewar gwiwa da lanƙwashewar ƙafar keke. Wani kuwa sai dai a kai labari gida.

To, me ya fito da mai keke bisa kwalta, alhali ƙauyensu da kasuwar duk gefe guda su ke? Dalili shi ne turbar da ubansa ya bi ta ɓace. Kafin a zuba kwalta, ƙasar Bodinga da ta Shagari cike su ke da turba da burtali. Tsofaffin hanyoyi ne ƙwarai. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna Sifawa kafin ya koma Sakkwato cikin 1815, almajirai da fatake kuwa ta irin waɗannan hanyoyi su ke iske shi. Yau da yawansu sun tsuke har jaki da mangala ba ya wucewa, waɗansu kuma an nome su ƙurmus.

Yadda hanya ke mutuwa ba ɓoyayye ba ne. Da damina ta faɗi, mai gonar dama ya ƙara kunya guda cikin turba. Mai gonar hagu ya gani, ya ce shi ma ba a bar shi baya ba. Baɗi a sake. Kafin shekara uku, hanyar da amalanke ke bi ta koma sai sawun akuya. Ribar me aka ci? Kunya guda mai tsawon taki 100, da ƙyar ta ba mutum damin gero ɗaya. Saboda wannan dami ne ɗansa zai kewaya ta kwalta da kayan miya, makiyayi kuma ya rasa inda zai kora shanunsa sai cikin shuka. Daga nan sai sanda ta fito, sai alkali, sai asarar da ta fi dami ashirin. Kwaɗayi dai mabuɗin wahala ne.

Abin da aka yi a Faransa

Akwai darasi a ƙasar Faransa. Su ma sun wayi gari mota ta cinye tituna, mai keke ya rasa wurin saka ƙafa. Sai suka duba tsofaffin hanyoyin da aka yi watsi da su cikin karkara. Akwai hanyoyin jirgin ƙasa da aka daina bi. Akwai kuma turbar da ke gefen manyan magudanan ruwa da aka haƙa don jiragen kaya, inda dawaki ke tafiya suna jan jirgi da igiya a zamanin da. Waɗannan suka share, suka daddaɓe, suka sa musu suna koriyar hanya.

Cikin 1997 aka buɗe irin wannan hanya tsakanin garuruwan Givry da Cluny, wajen kilomita 44, bisa tsohuwar hanyar jirgin ƙasa. Cikin 2004 aka sa ta cikin dokar hanya ta ƙasar, aka keɓe ta ga mai keke da mai tafiya ƙasa da mai doki, ban da mota. Faɗinta galibi mita 3 ne. Da abin ya karɓu sai aka yi ta haɗa wannan da waccan. Hanyar keke da ke bin kogin Luwar ta kai wajen kilomita 900, ko da ya ke waɗansu sassanta ƙananan titunan ƙauye ne da mota ba ta cika bi ba. Magudanar Midi kuma, wadda aka gama haƙawa cikin 1681, mai tsawon kilomita 240, masu keke suna bin gefenta. Mutane su kan ɗauki hutu su yi kwanaki suna tafiya ƙauye ƙauye, su ci abinci nan, su kwana can, su sayi amfanin gona hannun mai shi. Kuɗin da da ba ya tsayawa ƙauye, sai ga shi ya tsaya.

Kada kuma a zaci manoman can waliyyai ne. Su ma sun nome hanyoyin ƙauye masu yawa sun haɗa da gonakinsu. Har ta kai cikin 2022 aka yi dokar da ta ba hukumar kowane gari dama ta ƙirga hanyoyinta na karkara ta rubuta, don kada mutum ya riƙe hanya shekara da shekaru ya ce ta zama tasa. Ashe ciwon iri ɗaya ne.

Wani zai ce, ai Bafaranshe yawon shan iska ya ke yi da kekensa, mutumin Dancaɗi ko na Kajiji kuwa neman abinci ya fita. Gaskiya ne, amma wannan ƙarin hujja ce. In ƙasa ta ga ya kamata ta keɓe hanya don mai hutawa, ina ga mai ɗauke da abincin gari? Wani kuma zai ce zamanin keke ya wuce, yanzu na babur ne. Wannan sai ya tuna 29 ga Mayu 2023, ranar da aka janye tallafin man fetur. Litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura wajen naira 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce naira 1,000 a wurare da yawa. Kuɗin kabu-kabu ya tashi, kuɗin ɗaukar buhu ya tashi. Mutane da dama suka zaro tsohuwar Raleigh daga bayan rumbu suka kai wa mai faci. Keke ba ya shan mai, ba ya cin dusa, yaro ya kan kai shi makaranta da safe, uban ya kai shi fadama da la'asar.

Abin da ya kamata a yi

Ba wanda ya ce a zuba wa turba kwalta. Aikin bai kai nan ba, kuma mafi yawansa bai fi ƙarfin gari ba.

Na farko, a san hanyoyin. Uban ƙasa ya tara hakimai da masu unguwanni da arɗo da malamin gona, a bi kowace turba da ƙafa tun dattawan da suka san iyakarta suna da rai. A rubuta, a ajiye takarda guda a fada, guda a ofishin ƙaramar hukuma. Doka tana bayan wannan aiki. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta ba ƙaramar hukuma iko bisa filayen karkara, tsarin mulki na 1999 kuma ya ɗora mata gyaran ƙananan hanyoyi.

Na biyu, a tsai da faɗi. Malamai sun san hadisin da ya yanke cewa in an yi jayayya bisa hanya a bar mata kamu bakwai. Kamu bakwai ya ɗara mita 3 kaɗan, watau kusan daidai da abin da Faransawa suka zaɓa. Wannan na turba ne. Burtali kuwa, da garke ke bi, yana son ninkin haka sau da yawa.

Na uku, a kafa shaidar da garma ba ta iya turewa. Dutse a kan gusar da shi da dare. Amma in an dasa aguwa ko cini-da-zugu gefe da gefe, aka jera dogon yaro jefi jefi, iyaka ta zauna ke nan, matafiyi kuma ya sami inuwa.

Na huɗu, a gyara miyagun wurare. Abokan gaban keke uku ne, rairayi da ƙaya da zaizayar ruwa. Ba dukan hanya ce ke da su ba. Bayan an gama kaka, gayya ta kwana biyu ta isa a sassabe ƙaya, a kwashe tsidau, a zuba marmara inda ƙafa ke nutsewa, a yi wa ruwa mafita. Inda kwazazzabo ya yanke hanya, nan ne aikin ƙaramar hukuma, ta sa kwalbati. Kwalbati guda a daidai wurinsa ya kan raya hanyar ƙauye biyar.

Na biyar, a hana babbar mota. Motar yashi guda in ta bi turba cikin Agusta, ta ɓata aikin shekara. Mai babur ba a iya hana shi, gama shi ke kai mara lafiya asibiti, amma a gaya masa ya bi sannu, ya kauce wa yaro da jaki.

Ciniki ma zai amfana. Tumatir da tattasai ba su jiran mota, in sun kwana biyu a gona sun zama asara. Manomin da zai iya kai kwandonsa kasuwa da kansa kafin rana ta yi zafi, shi ke faɗin kuɗin kayansa. Wanda hanya ta tsare kuwa, sai abin da mai mota ya ga dama ya ba shi a bakin gona. Malaman makaranta su ma su sami hanyar da za su kai yara Sifawa bisa keke su ga inda Shehu ya zauna, ba tare da zuciyar iyaye tana ɗar-ɗar ba.

Lokacin wannan magana shi ne kafin saukar ruwa, tun ba a ɗora garma ba, don in gero ya fito cikin turba ba mai yarda a tuge shi. Mai gonar da ke bakin hanya shi ne zai fara, ya ja baya da kunya guda. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma wani hannu ne ke fara kamawa. Allah ya ba da damina mai albarka, ya kiyaye matafiya, amin.