Maganin Ƙwari Bai San Ƙudan Zuma Ba

Jama'a, a wannan mako ina so mu leƙa kudancin Jihar Kaduna, wato Kafanchan da kewayenta, Kagoro da Kwoi da Kaciya da Zonkwa, inda Allah Ya hore ruwan sama da ƙasa mai albarka. Duk wanda ya ratsa ƙauyukan nan da damina zai ga samari goye da famfon feshi sun nufi gona. Fartanya ta ja da baya, kwalba ta gaje ta, domin ƙwadago ya yi tsada kuma ƙwari sun yi yawa, musamman tun da tsutsar nan mai cinye masara ta ɓulla a Nijeriya cikin 2016. Babu mai zargin manomi don ya kāre gonarsa. Abin da ba a faɗa masa ba shi ne, maganin da ya saya ba ya bambanta ɓarawo da ɗan gida.

Ɗan gidan da nake nufi shi ne ƙudan zuma. Yayin da yake yawo daga fure zuwa fure yana neman abinci, yakan kwashi garin furen a jikinsa ya kai wa wani, kuma da haka ne tsiro ke ɗaukar ciki har ya ba da 'ya'ya. Gaskiya ne citta, wadda ita ce alfaharin Kaciya da Jaba da Kagarko, ba ta bukatarsa, tun da gutsuren saiwarta ake shukawa, masara da dawa kuwa iska ce ke yi musu wannan aiki. Amma riɗi da auduga da agushi da kabewa da mangwaro da kaɗanya duk suna cin moriyarsa. Wani rahoton masana na duniya da ya fito cikin 2016 ya nuna cewa kimanin kashi 75 daga cikin ɗari na ire-iren amfanin gonar da ake ci sun dogara, ko da kaɗan ne, ga irin waɗannan halittu. A nan kusa da mu, a Burkina Faso, an gwada hana ƙudan zuma kai wa ga fure, sakamakon da aka buga cikin 2017 kuwa ya nuna auduga ta ragu da kashi 37, riɗi kuma da kashi 59. Ashe ke nan manomi yana da leburan da ba ya karɓar ko kwabo, shi ne kuma yake bi da guba.

Ɓarnar ta fi yawa a gonar wake. Lokacin da wake ya yi fure ne ƙwari ke far masa, lokacin ne kuma manomi ke feshi, galibi da hantsi, daidai sa'ar da ƙudan zuma ke kiwo. Wanda feshin ya taɓa yakan mutu nan take. Wani kuma yakan koma amya da gubar a jikinsa ya raba wa 'yan baya. Akwai wani jinsin magani, irin su imidacloprid, wanda tsiro ke shanyewa har ya ratsa cikin furensa, ko bai kashe ƙudan ba sai ya ruɗa shi ya kasa gane hanyar gida. Ƙasashen Tarayyar Turai sun hana amfani da iri uku na wannan jinsi a filin Allah tun 2018, alhali mu a nan ana sayar da su a kasuwar ƙauye, sau da yawa a hannun wanda bai iya karanta rubutun kwalbar ba. Shi kuwa maganin ciyawa, nasa aikin a ɓoye ne: yakan share furannin bakin gona da na gefen hanya, ya bar ƙudan da yunwa.

Abin bai tsaya kan ƙwari ba. Manya ba su manta da Gamalin 20 ba, wanda aka kawo don gonakin koko amma wasu marasa imani suka mai da shi abin su, su tuttula a rafi, kifi ya taso babba da ƙarami, kwaɗi su mutu, mata kuma su ɗebi ruwan a ƙasa. Hukumar NAFDAC ta sa shi cikin magunguna 30 da ta haramta a 2008, bayan da gurɓataccen wake ya kwantar da mutane a wasu jihohi. Irin da aka wanke da magani ma yana halaka zabin daji da fakara idan suka tone shi. Dazuzzukan Kagoro da Nindam suna cikin wuraren da masana tsuntsaye suka ware a matsayin masu muhimmanci a duniya, ga shi kuwa gonaki sun matso su. Ungulu fa, yaushe rabonka da ganinta a mahauta? A Gini Bisau fiye da 2,000 ne suka mutu da guba cikin 2020 kaɗai.

Amurka ta hana DDT a gona cikin 1972, shekara goma bayan da wata mata mai suna Rachel Carson ta rubuta littafi kan yadda yake ƙarar da tsuntsaye. Mu kuwa dokar ba ta yi mana ƙaranci ba, ga paraquat ma an haramta shi daga farkon 2024. Abin da ya yi ƙaranci shi ne malamin gona. Manomin da annobar citta ta 2023 ta karya wa jari a shirye yake ya zuba duk abin da mai shago ya miƙo masa, kuma mai shagon ciniki ne gabansa.

Saboda haka ina kira ga hukumar raya aikin gona ta jiha, da Tsangayar Aikin Gona ta Jami'ar Jihar Kaduna da ke nan Kafanchan, su fita ranar kasuwa su yi bayani da Hausa da Jju da Tyap da Hyam. Saƙon ba shi da tsawo. Kada a yi feshi sai an duba an ga ƙwarin. Idan ya zama dole a yi wa mai fure, a bari sai la'asar sakaliya, bayan ƙudan ya koma. A sanar da maƙwabci mai amya kwana ɗaya kafin nan. Kada a wanke famfo a rafi, kwalbar kuma a huda ta don kada yaro ya zuba ruwan sha. Sarakuna da dagatai su ma suna da ikon hana zuba guba a rafukan ƙasarsu, kuma ba sai sun jira takarda daga Kaduna ba.